Kujerar Gwaggo da Na Kankare

Duk wanda ya koyi aikin katako a hannuna ya san halina. In aka kawo tsohon abu gyara, ko da muciya ce, ba mai kusantarta da magagari sai na juya ta, na shafa ta ciki da bai, na zaunar da mai ita na yi masa tambayoyi har ya gaji. A bayan idona cewa suke tsohon nan ya cika tsirfa. Ina jinsu, ina ƙyale su. Ban taɓa gaya wa ko ɗayansu inda na samo wannan hali ba, don labarin ba shi da daɗin faɗa a bakin mai shi. Yanzu da hannuna ya daina riƙe zarto, gara in rubuta shi in huta.

A shekarun ƙarshe na mulkin Faransawa ni ne kafintan bariki a Dogon Dutsi, minize ake ce mini. An ɗauke ni lakkwal, makarantar boko ta Faransawa, ina ɗan shekara bakwai, ba da son kowa ba. Na yi abin da zan iya, kai ya ƙi ɗaukar karatu da nisa, sai aka tura ni koyon aikin katako irin na Turawa. Na dawo ina gyara tebur da ƙofofi da kujerun kumandan. Ina da wandon kaki, ina da keke, ina da fensir maƙale a kunne. Fensirin nan ko ba abin da zan rubuta yana nan, har masallaci da shi nake zuwa. Na yi aure, matata tana da cikin fari, kuma a ganina duk Arewa ba saurayin da ya kai ni wayewa.

Ƙauyenmu yana gefen Dumega. Uwata ta rasu ina ƙarami, ubana ya bi ta ina lakkwal, don haka wadda nake kira gida ita ce gwaggona, yayar ubana. Ita ta goya ni. Ita ce kuma ungozomar ƙauyen, da wuya ka sami wanda aka haifa a nan bai faɗo a hannunta ba. Nata 'ya'yan huɗu ne, ba wanda ya yi tafiya da ƙafarsa. A lokacin da nake ba da labari idonta ya fara rufewa, tana ganin haske da inuwar mutum, sauran kuwa hannu ke gaya mata.

Tana da wata kujerar zama ta ƙirya, gajera, mai nauyi, wadda ta gada wurin uwarta. A kanta take zama ta wanke jariri, a kanta take ɗora mai jego ta yi mata wankan ruwan zafi. Baƙa ce ƙirin, ba don itacen baƙi ne ba. Shekaru ne na man shanu da hayaƙi da tafin hannu suka taru a jikinta. Gwaggo ba ta barinta a ƙasa da damina, ba ta barinta a rana. In ta gama aiki sai ta goge ta da tsumma, ta shafa mata ɗan mai, ta rataye ta a ɗakin girki inda hayaƙi ke kaiwa.

A ƙarƙashin leɓen kujerar akwai tsagogi a jere. Al'adar gidanmu ce tun daga kakata: duk ɗan da aka haifa a zuriyarmu, ranar suna sai a ɗauki 'yar wuƙar yankan cibi a yi masa tsaga ɗaya. In yaron ya koma, sai a gitta wata 'yar tsaga a kan tasa. Ba rubutu ba ne, ba kuma wanda zai iya karanta su sai gwaggo. Takan ɗora babban yatsanta a ta farko, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunaye, masu rai da waɗanda suka riga mu. Ina ƙarami ta sha kama yatsana ta ɗora a wata tsaga ta ce, “Ga ka nan.” Na san wannan sarai. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya nema mini uzuri daga baya.

Wata shekara gab da damina wani Bature ya sauka a bariki. Ba soja ba ne, ba mai haraji ba, aikinsa tara kayan da. An ce za a buɗe gidan ajiye kayan tarihi a Yamai, shi aka turo ya bi ƙasa yana nemo abin da za a zuba a ciki. Dogo ne, siriri, ba ya son surutu, kuma in ya ga tsohon akushi sai ya durƙusa a gabansa kamar ya ga surukinsa. Kumandan ya ba shi ni, tunda na san itace kuma ina jin faransanci. Muka bi ƙauyuka har Sukukutane, muna kwaso akusa da ludaya da ƙwaryar sirdi da ganguna da wani turmi da gindinsa ya huje.

Ba wanda ya ce in kai shi ƙauyenmu. Ni na kai shi, don a gan ni ina fitowa daga mota tare da Bature. An kuwa gan ni. Muna zaune a tsakar gidan gwaggo ana ba shi ruwa, idonsa ya faɗa kan kujerar. Ya tashi ya durƙusa, ya shafa ta, ya juya ta a hankali, ya daɗe yana duba ƙarƙashinta. Ya ce in tambaye ta ko za ta sayar.

“Hwaɗa mai wagga ba ta saidawa ta ba,” in ji gwaggo.

Ya ce to a ba shi aro, a kai Yamai mutane su gani, a dawo da ita. Ta ƙi. Ni na dage. Na zauna kusa da ita ina magiya, na ce girmana ne a wurin aiki, na ce a hannuna za ta zauna, ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba. Cika baki ba irin wanda ban yi ba. Ta shafa bakin kujerar, sannan ta ce:

“Ɗan lakkwal, don kai na. Amma ka maido min ita kahin matakka ta sauka, kuma ka maido ta yadda ka ɗauke ta.”

Na ce wannan ai ba sai an faɗa ba.

A bayan biro, wato ofishin kumandan, akwai wata tsohuwar magaza, ɗakin ajiyar gero, nan aka ba mu mu ajiye kayan kafin kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, ya zo daga Yamai. Ni na haɗa kantocin da hannuna. Baturen ya koya mini yadda ake tsare irin wannan kaya, kuma har yau ban sami abin da zan ƙara a kan abin da ya faɗa ba. Kada komai ya taɓa ƙasa ko bango. Ƙafafun kanta a tsoma su cikin gwangwanaye masu kananzir don gara. A shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowane abu, kullum da safe a duba, in an ga ɗan gari ya zubo, to ƙwaro na ci daga ciki, a ware wannan abu daga sauran. Ƙura a kaɗe ta da gashin zabo ko busasshen tsumma. A buɗe taga iska ta shiga, a rufe kafin ruwa ya sauko, kada rana ta bugi komai. Kowane abu ya ɗaura masa 'yar takarda mai lamba da zare. Daga ƙarshe ya ɗaga yatsa ya ce ba wanki, ba mai, ba gyara, ko da abu ya tsage a bar shi da tsagewarsa. Na yi dariya a raina, na ce wannan da gwaggo da sun ji harshen juna da sun shirya.

Ya wuce gabas neman wasu kayan, ya ce zai yi wata biyu. Ruwa ya sauka, hanya ta yanke, kamyo bai zo ba. Ni kuwa na riƙe ɗakin nan da gaskiya. Kullum kafin in taɓa wani aiki sai na zagaya shi. Na kama ƙwaro a jikin wata ganga tun bai yi nisa ba. Na ga gara ta fara gini a bango, na rushe, na janye kantar. Da funfuna ta fito wa ƙwaryar sirdi, na share ta da busasshen tsumma na kai ta bakin taga. Ko ludayi ɗaya bai lalace a hannuna ba, kuma da a nan labarin ya tsaya da na daɗe ina ba da shi.

Akwai wani komi, wato akawu, a biro, ɗan gari, ajinmu ɗaya a lakkwal. Shi kansa ya ɗauki karatu, ya zama mai zama a tebur, ni na zama mai gyara teburin. Ba mugu ba ne, tsokana ce ta yi masa yawa, ni kuma ba na ɗaukarta daga bakinsa. Wata Juma'a ya leƙo ɗakin ya gaya mini matar kumandan ta ji labarin kayan, za ta zo gani ranar Talata. Ya zaga yana taɓa wannan yana taɓa wancan, har ya kai kan kujerar. Ya sunkuya ya shinshina, ya yamutsa fuska.

“Kai minize, wanga baƙin abu hwa? Warin man shanu da hayaƙi kamar an kwana ɗakin arna. Shi za a kai Yamai a ce ga abin da mutanen Arewa ka zama bisa? Na wace ƙazama na?”

Na ce, “Wata tsohuwa ta, can ƙauye.”

Haka na ce. Matar da ta tauna abinci ta sa mini a baki, na kira ta wata tsohuwa. Ya yi dariyarsa ya fita, ƙila kafin ya kai tebur ya manta. Ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji kwana biyu. Na riƙa kallon kujerar da idon matar kumandan. Na ga datti, na ga maiƙo, na ga ƙauyenmu duka an ɗora shi a kan kanta ana toshe hanci. Na ce a raina Baturen nan mai son tsofaffin tarkace ne, bai san ciwon a raina mutum ba. Ni kafinta ne, na san abin da ke ƙarƙashin baƙin nan, jar ƙirya ce mai kyau, kuma zan nuna musu.

Ranar Lahadi bayan azahar, bariki ba kowa, na ɗauko ta na kai ta rumfar aikina. Na fara da ruwan zafi da toka da sabulu. Baƙin ya ƙi tafiya, sai laushi da ya yi. Na fasa kwalba na zaɓi ɓari mai kaifi, na shiga kankara. Da farko baƙi ke fita a nannaɗe kamar dauɗar jiki, can sai ja ya fara leƙowa. Da itacen ya ji zafin guga sai ƙanshin ɗakin girkin gwaggo ya taso ya cika rumfar, har na ɗaga kai kamar zan gan ta a bakin ƙofa. Na kawar da wannan, na ci gaba. Na gama sama, na gama ƙafafu, raina fes, ina ta yaba hannuna.

Sai na kifa ta na kama leɓen. Wurin ya yi kaushi, kwalba ba ta ci, na ɗauko magagari. Na ci kamar faɗin tafin hannu kafin babban yatsana ya faɗa cikin wata tsaga, ya zauna daidai kamar an auna. Na ajiye magagarin. Na duba inda na wuce, sumul, na duba inda ban kai ba, ga su nan a jere, wasu a miƙe, wasu a gicce.

A nan ne abin yake. Da na tsaya, da an rasa kaɗan an tsira da sauran. Na daɗe zaune da kujerar a cinyata. Abin da na gani shi ne leɓe rabi ja rabi baƙi, ga Talata jibi, ga komi zai zo ya ce minize ya fara aiki ya kasa. Na ce wa kaina ai gwaggo ta san 'ya'yanta a ka, mutum ba ya manta wanda ya wanke da hannunsa. Na ɗauki magagarin na ƙarasa zagayen. Ban ƙirga su ba kafin in share, ko wannan ban yi ba. Na bi da takarda mai yashi, na shafa berni sau biyu, man ƙyallin nan da muke sa wa teburin kumandan. Kafin la'asar sakaliya tana walƙiya a rana, kana iya ganin fuskarka a ciki.

Matar kumandan ta zo ranar Talata. Ta tsaya a bakin ƙofa tana fifita, ta tambayi ko gangunan suna ƙara, ta buga ɗaya da yatsa, ta ce ɗakin ya yi zafi, ta fita. Ko inda kujerar take ba ta kalla ba. Komi kuwa bai ma zo ba, an aike shi wani wuri.

Da Baturen ya dawo na bi shi ɗakin ina jiran yabo. Ya duba takardun ƙarƙashin kaya, ya gyaɗa kai. Ya ga gangar da na ware, ya ce na yi daidai. Ya zo kan kujerar ya wuce ta, ya dawo, ya karanta lambar da ke jikin zaren, ya sake dubanta.

“Wa ya taɓa wannan?”

“Ni ne, mushe,” na ce, haka muke girmama Bature da faransanci. “Na gyara ta.”

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya kifa ta, ya bi leɓen da yatsa har ya zagayo. Ya ce akwai tsagogi a nan, ya bar su ne sai ya dawo ya koma wurin tsohuwar ta gaya masa ma'anarsu. Ya dube ni ya ce, “Kai ka san ko na mene ne?”

Na ce ban sani ba.

Ya ciro 'yar wuƙa ya yanke zaren, ya sa takardar a aljihu, ya miƙo mini kujerar. Ya ce irin wannan ana sassaƙa ta kowace ranar kasuwa, ba abin da za a kai Yamai a nuna, in mayar wa mai ita. Bai kai ƙarata wurin kumandan ba, bai ƙara tayar da maganar ba. Sai dai daga ranar, in zai fita, makullin ɗakin a aljihunsa yake tafiya. Baƙo daga wata uwa duniya ya ga tsagogin nan ya san suna da magana, ni da tawa ke ciki na share su. Na fito da kujerar a hammata ina jin kamar duk bariki ni ake kallo.

Matata ta riga ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, kuma ƙauyenmu ɗaya da ita. Ni kaɗai ne a gida, na tura kujerar ƙarƙashin gado. Na gwada dabaru na banza. Na kwaɓa baƙin tukunya da mai na shafa, ya zame a kan berni ya ɓata mini hannu. Na rataye ta a hayaƙi kwana uku, ta yi duhu kaɗan, ta koma kamar mai ciwo. Na ɗauki wuƙa zan sake tsagogin, sai na ga ban san nawa ba ne, ban san waɗanne ke gicce ba. Sau biyu ana samun mai zuwa Dumega, sau biyu ina cewa aiki ya riƙe ni. Na ce da kaina sai an jima, har aka jima ɗin ya ƙare. Wani mai jaki ya zo da saƙo: matata ta sauka, mace, lafiya lau. Gwaggo ta wanke jaririyar a kan kujerar aro, ta ce in zo suna, in taho mata da kayanta.

Na naɗe kujerar a buhu na ɗaure a bayan keke. Hanyar yashi ce, rabi hawa rabi turawa, na kwana a hanya. Na isa da safiyar suna. Aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka yanka rago, mutane na yi mini barka ina amsawa da baki kawai. Da hantsi ya yi aka ce gwaggo na kirana.

Tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta, 'yar wuƙar yankan cibi a gefenta. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye buhun a gabanta. Ta kwance shi da kanta. Tun kafin ta taɓa ta ɗaga hanci, warin berni ya kai mata. Ta ɗora tafin hannu a saman kujerar, hannun ya zame. Ta ɗaga ta ta ji nauyinta, ta shafa ƙafar nan guda da ta ɗan karkace tun asali, ta gane ita ce. Sannan ta kifa ta a cinya ta ɗora babban yatsa inda ta farko take. Ta zagaya leɓen a hankali. Ta sake zagayawa. Ina kallon yatsan nan yana tafiya ba inda zai tsaya.

“Annasaran nan da yad durƙusa shina shahwa ta, ba shi yin haka,” ta ce.

Ƙofa ce ta rufe mini tun kafin in nufe ta, don wallahi ƙaryar tana bakina. Na ce, “Ni na, Gwaggo.”

“Ba ka ji su ga hannunka ba?”

“Na ji.”

Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Na so ta ɗauki kujerar ta rotsa mini kai.  Can ta laluba ta ɗauko wuƙar ta miƙo mini.

“Zamna. Idona ba shi gani, kai ad da hannun aiki. In hwaɗi, ka tsaga.”

Na zauna a ƙasa na riƙe kujerar tsakanin gwiwoyina. Ta fara daga 'ya'yan kakata, ita kanta da ubana da sauran. In ta kira suna in yi tsaga, in ta ce “gitta” in gitta. Wuƙar na ratsa berni, jan itace na fitowa sabo. Ta kira nata huɗun a jere, ta ce gitta sau huɗu, muryarta ba ta canja ba. Wasu wuraren takan tsaya, ta koma baya, ta gyara wanda ya riga wani. Na fara samun sanyi a raina, na ce ashe da gaskiyata, ta san su a ka. Ta kira sunana, na yi wa kaina tsaga.

Sai ta tsaya.

“Bayanka akwai ɗiya,” ta ce. “Ƙanwakka, ciki guda. Ta yi kwana ashirin da wani abu. Ita ta tahi, uwakku ta bi ta.”

Na san an yi mini ƙanwa da ba ta zauna ba, amma ina ɗan shekara uku lokacin, ban taɓa riƙe sunanta ba. Ban taɓa tambaya ba, tunda yana wurin gwaggo. Ta miƙo hannu ta karɓi kujerar, ta ɗora yatsa a sabuwar tsagata, ta matsa gaba kaɗan inda babu komai. Leɓunanta na motsi. Ta koma ta farko ta biyo su duka da sauri, ko gudu zai kawo mata sunan, ta zo kaina ta tsaya cik. Ta yi haka ya fi sau biyar.

“Tata ta ɗan karkace, wuƙa ta zame min ran nan,” ta ce. “In yatsa ya hwaɗa ciki, sunan shi ka zuwa da kainai. Ban taɓa nema nai ba.”

Aka kira azahar muna nan. Aka kawo mana tuwon suna ya huce a gefe. Daga ƙarshe ta miƙo mini kujerar ta ce in tsaga hakanan, in gitta, ƙila ya zo mata daga baya. Na tsaga, na gitta. Muka ƙarasa sauran, ta ƙarshe ita ce ta 'yata da aka raɗa wa suna da safe. Gwaggo ta sa aka kawo man shanu ta shafe kujerar da shi, man ya ƙi shiga, ya tsaya a kan berni yana ƙyalli.

Kafin in koma Dutsi na bi tsofaffin ƙauyen ɗaya ɗaya. Wasu sun tuna an yi haihuwar, wata ta tuna ranar ruwa aka yi sunan, ba wanda ya riƙe sunan jaririyar da ba ta yi wata ba. Duk zuwan da na yi bayan nan, in na gaishe da gwaggo sai ta ce, “Bai zo ba tukuna,” tun ban tambaya ba. Damina biyu ta ƙara a duniya.

Kujerar tana wurina. Na kankare bernin da haƙuri, wannan karon ban kusanci leɓen ba, kuma shekaru sun mayar mata da ɗan duhu, ko da yake ba irin na da ba. Ba ta kwana a ƙasa, ba ta ganin rana. Na rubuta sunayen duka a takarda na ba 'yata, jikokina ma sun iya bin su da yatsa. In sun zo kan tawa sukan yi dariya su ce ga kaka nan. Sai su matsa kan ta gaba, giccen da na yi da hannuna, su tambaye ni wace ce wannan. Nakan ce ƙanwata ce. Su ce yaya sunanta.